LAFIYA UWAR JIKI: Dussa tana sallama a baki kafin ta fito a jiki

 

Hatsi ya shiga rumbu. Sanyi ya sauka, ƙura ta tashi. Samari sun kama hanyar ci-rani, kasuwanni sun cika, bukukuwa sun yawaita. Wannan shi ne lokacin da dussa take fara yawo a ƙasarmu. Tana tasowa bayan kaka, ta yi ƙarfi cikin rani da bazara, ba ta lafawa sai ruwa ya sauka mutane sun watse cikin gonaki. Saboda haka a wannan wata za mu yi magana a kanta.

Kowane yanki da sunan da yake ba ta. Wasu su ce dussa, wasu su ce ƙyanda, wasu su ce baƙon dauro. Duk ciwo ɗaya ne. Yawancinmu ba mu gane ta sai ƙuraje sun feso a jiki. Alhali kuwa kafin nan, da kwana ɗaya ko biyu, ta riga ta nuna kanta a cikin bakin yaro. Baƙon kirki ma a bakin ƙofa yake sallama. Wannan mugun baƙo shi ma yana sallama, a bakin yaro. Wanda ya ji sallamar da wuri ya samu kwana biyu na shiri, kuma kwana biyun nan suna iya tsirar da ido, suna iya tsirar da rai.

MENE NE DUSSA?

Wata ƙwayar cuta ce ƴar ƙarama ƙwarai wadda ido ba ya gani. Tana fita daga hanci da bakin maras lafiya in ya yi tari, ko atishawa, ko numfashi kawai. Tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan maras lafiya ya fita. In yara 10 da ba a yi wa lamba ba suka zauna da mai dussa, wajen 9 za su kamu. Cikin cututtukan ɗan adam da wuya a samu mai saurin yaɗuwa kamarta.

Kada mu raina ta. A shekarar 2003 ta faɗa wa yankin Mirriya, a jihar Damagaram. Masu bincike sun bi ƙauyuka suna ƙidaya, suka tarar kusan ɗaya cikin 10 na waɗanda suka kamu sun rasu. Daga ƙarshen 2003 zuwa 2004 ta kama mutum fiye da 10,000 a birnin Yamai kaɗai. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kashe mutum wajen 107,500 a shekarar 2023, akasarinsu yara ƴan ƙasa da shekara 5. An ce baƙo raɓa ne. Wannan baƙo kam ba raɓa ba ne, yana tafiya da ɗan mai gida.

YADDA TAKE FARAWA

In ƙwayar ta shiga jikin yaro, ba a ganin kome nan take. Yaro yana wasansa, yana cin abincinsa, har kwana 10 zuwa 12. Daga nan sai alamu su fara, kuma suna bin juna kamar haka:

1. Masassara mai zafi, wadda take ƙaruwa kullum.
2. Majina tana zuba kamar ruwa.
3. Tari busasshe.
4. Idanu su yi ja, suna hawaye, yaro ba ya son haske.
5. A kwana na 2 ko na 3, ƙananan ɗigo farare su fito cikin baki.
6. Bayan kwana ɗaya ko biyu da fitowar ɗigon, ƙuraje su feso a jiki.

Ƙurajen suna farawa a bayan kunne da gefen gashin goshi. Sai su rufe fuska da wuya, su sauka ƙirji da ciki, cikin kwana 3 su kai ƙafafu. A baƙar fata ba a cika ganin jansu ba, amma in ka shafa za ka ji gurji-gurji kamar rairayi. Bayan kwana 5 ko 6 sai su dushe, fata ta riƙa saɓulewa tana zuba kamar dussar hatsi.

Alamu huɗu na farko sun yi kama da mura. Shi ya sa uwa take cewa sanyi ne ya kama yaro, ta goya shi ta tafi rijiya, ta tafi suna, ta tafi kasuwa. Alama ta biyar ita ce take raba dussa da mura, domin mura ba ta kawo wannan ɗigo.

YADDA AKE DUBA BAKI

Wani lokotoron yara na ƙasar Amurka mai suna Henry Koplik shi ne ya bayyana wannan ɗigo filla-filla a shekarar 1896. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ce masa ɗigon Koplik. Amma ba sai lokotoro ke iya ganinsa ba. Uwa tana iyawa, uba yana iyawa. Ga yadda ake yi:

Ki wanke hannu da sabulu. Ki fito da yaro waje da hantsi, inda haske yake da kyau. In dare ne a haska tocila ko fitilar salula. Ki zaunar da shi a cinya, wani ya riƙe masa hannu da lallashi. Ki sa ya buɗe baki. Ki ɗauki ƙotar cokali mai tsabta, ki ɗan janye kumatu gefe a hankali. Ba harshe za ki duba ba, ba maƙogwaro ba. Ki dubi cikin kumatu, daidai inda yake gogar haƙoran tauna na can baya.

In dussa ce, za ki ga wurin ya yi ja, a bisa jan kuma ga ƙananan ɗigo farare ko masu ruwan toka. Ba su kai ƙwayar gero ba. Sai ka ce an barbaɗa garin gishiri a kan jan nama. Wani lokaci ƴan kaɗan ne, wani lokaci su yi yawa har cikin leɓe. Ki duba kumatu duka biyu. In kin gama ki wanke cokalin da hannunki da sabulu.

Akwai abubuwa uku da ake ɗauka su ne, alhali ba su ba ne.

Na ɗaya, guntun nono ko fura da ya maƙale. Shi in aka ba yaro ruwa ya kurɓa, ko aka shafa da tsumma mai tsabta, yana fita. Ɗigon dussa ba ya goguwa.

Na biyu, farin abin nan mai kama da kindirmo wanda yake rufe harshen jarirai. Shi faffaɗa ne, yana shimfiɗe a harshe da dasashi, kuma sau da yawa babu masassara mai zafi tare da shi. Wani ciwo ne dabam, da maganinsa dabam.

Na uku, gyambon baki, mai rami a tsakiya da zafi. Shi ya fi ɗigon dussa girma.

Ga kuma gargaɗi. Ɗigon nan ba ya daɗewa. Da ƙuraje sun fito a jiki, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ya ɓace. Kuma ba a kowane yaro ake ganinsa ba. Saboda haka in kin duba ba ki gani ba, kada ki ce ba dussa ba ce. Yaro mai masassara da tari da majina da jan ido, a lokacin da dussa take gari, a ɗauka ita ce har sai likita ya ce ba ita ba ce.

ME ZA A YI DA KWANA BIYUN NAN?

Abu na farko, a tafi gidan likita ran nan, ba sai gobe ba. Kada a jira ƙuraje. In kun isa, ku faɗa tun daga ƙofa cewa kuna zaton dussa ce, domin a zaunar da ku gefe, kada yaronku ya shafa wa jariran da ke cikin layi. Ku tafi da karnen lafiyar yaro. A shekarar 2006 gwamnati ta kafa tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati, don kada rashin kuɗi ya hana uwa tashi.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar dussa. Jikin yaro ne yake yaƙarta da kansa. Amma akwai abin da ke ƙara wa jikin ƙarfi, shi ne bitamin A. Dussa tana cinye bitamin A na jikin yaro, kuma rashinsa shi ke kawo makanta da yawan mutuwa. A gidan likita za su yanke bakin ƴar ƙwaya mai mai a ciki, su matsa wa yaro a baki. Shuɗiya ta ɗan wata 6 zuwa 11 ce, ja ta wanda ya cika shekara ce. Ana ba da ɗaya ran nan, ɗaya kuma kashegari. Ta biyun ba ta da makwafi, kada a manta da ita. In ido ya riga ya taɓu, akwai ta uku bayan ƴan makonni. Ko da yaro ya karɓi bitamin A a watan jiya, in dussa ta kama shi sai an sake ba shi.

Abu na biyu, a ware yaro. Mai dussa yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, har kwana 4 bayan sun fito. Ke nan ranar da aka ga ɗigo a baki yana tsakiyar yaɗawa. A ba shi ɗakinsa da ƙwaryarsa da tabarmarsa. Kada ya je lakkwal ko makarantar allo. Kada ƴan dubiya su shigo da goyo. Wadda za ta yi jinya ta kasance ta taɓa yin dussa ko an yi mata lamba. A nisanta shi da jarirai, da yara masu tamowa, da mata masu ciki. Dussa tana iya jawo wa mai ciki ɓari ko haihuwar bakwaini.

Abu na uku, a duba sauran yaran gida. Duk wanda ba a yi wa lamba ba, a kai shi tare. In aka yi wa yaro lamba cikin kwana 3 da haɗuwarsa da mai dussa, tana iya tsare shi, ko ta sa ciwon ya zo da sauƙi.

Abu na huɗu, a sanar da mai gari da ma'aikacin lafiya na ƙauye. Dussa ba abin kunya ba ce. In labari ya kai ga hukumar lafiya da wuri, suna iya turo masu lamba kafin ta game gari.

JINYA A GIDA

In likita ya duba ya ce a koma gida, aikin ya dawo hannun iyaye. Babban aikin kuwa a baki yake: bakin nan ya ci gaba da sha, ya ci gaba da ci, ya zauna da tsabta.

Nono. Mai shan mama a ci gaba da ba shi, dare da rana, fiye da yadda aka saba. Kada a yaye yaro cikin dussa. In bakinsa yana zafi ya kasa tsotsa, a tatsa a ƙoƙo mai tsabta a ba shi da cokali. In hanci ya toshe, a share shi da ɗan tsumma mai laushi kafin a ba shi mama.

Ruwa. Masassara tana ƙone ruwan jiki. A ba shi ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ko bai roƙa ba. In zawo ya shigo, a karɓo garin ruwan gishiri da sukari a gidan likita, a zuba ƙunshi ɗaya cikin litir ɗaya na ruwa. In babu, a haɗa a gida: litir ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Wanda ya kwana a zubar a haɗa sabo. Akwai kuma ƙwayar zinki da ake ba mai zawo kwana 10 zuwa 14.

Abinci. Yaro ba zai so ci ba. A lallashe shi, kada a yi masa ɗure. A ba shi kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini. A zaɓi mai laushi: kunun gero da aka sa wa madara ko ƙuli-ƙuli ko ɗan mai, dafaffen ƙwai, wake da aka dafa ya yi luguf, romon nama, hanta da aka daka, kabewa, karoti, miyar zogala, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne. Ganye kore da abinci mai launin ɗorawa su ke da bitamin A. A bar barkono da tsami da abinci mai zafi har baki ya warke. Tsinkakken koko kaɗai ba ya riƙe maras lafiya.

Baki. A zuba ɗan gishiri, abin da yatsu biyu suka ɗauka, cikin kofi ɗaya na ruwa mai tsabta. Babban yaro ya kurkure ya tofar. Ƙarami kuwa a naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, a tsoma, a goge masa dasashi da cikin kumatu a hankali. A yi haka aƙalla sau 4 a yini. A shafa wa leɓe ɗan man shanu ko man kaɗe don kada ya tsage. In akwai gyambo, a gidan likita suna ba da maganin shafawa mai launin shuni. Kada a kankare baki, kada a zuba toka ko kanwa ko garin sassaƙe.

Ido. A tafasa ruwa a bari ya huce. A goge kwantsa da tsumma mai tsabta daga wajen hanci zuwa wajen kunne, kowane ido da nasa tsumma. In ido yana fitar da mugunya, akwai man ido da likita zai bayar. Ban da shi kada a sa kome. Ba tozali, ba ruwan ganye, ba sukari, ba ruwan albasa, ba maganin ɗigawa na masu talla. Idon mai dussa ya yi laushi ƙwarai, abu kaɗan ke fasa shi, kuma in ya fashe ba ya dawowa.

Masassara. A rage masa tufa. A goge jiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi. A ba shi farasitamol gwargwadon yadda likita ya faɗa. Kada a ba yaro asfirin. Kada a sayi kafso a kasuwa a ce za a kashe dussa. Likita ne zai ga ko ciwon huhu ko na kunne ya shigo, shi ne zai ba da maganin da ya dace.

MAGANAR AL'ADA

A ajinmu na yaƙi da jahilci mun tattauna wannan batu, kuma dattawan aji sun kawo abin da suka gada. Iyayenmu ba da mugunta suka yi ba. A zamaninsu babu lamba, babu gidan likita kusa, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Wani abu nasu ma daidai ne: sun ce mai dussa ba ya fita cikin mutane, kuma likita ma haka ya ce. Amma akwai guda huɗu da ya kamata mu sake dubawa.

Ana cewa kada a kai yaro likita sai ta gama fitowa, wai allura ko magani na mayar da ita ciki. Dussa tun farko a ciki take, cikin huhu da hanji da jini. Ƙurajen waje alama ce kawai. Babu maganin likita da ke mayar da ita. Jiran nan shi ne ke cinye kwanakin da bitamin A zai fi amfani.

Ana cewa ruwa ba ya taɓa mai dussa. Wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu, da rana, a wurin da babu iska mai sanyi, ba ya cutar da shi. Dauɗa ce ke sa fata ta yi gyambo.

Ana cewa ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ba ya shan nono ko mai. Waɗannan kuwa su ne abincin da ke gina jiki. Wa ya taɓa hana sa harawa ranar da zai ja garma? Jikin yaro yana cikin babban aiki. In aka hana shi abinci, dussa ta tafi ta bar tamowa.

Ana rufe shi a ɗaki mai duhu, a toshe taga, a hura wuta. Gaskiya ne haske yana damun idonsa, to a sa labule. Amma iska ta riƙa shiga tana fita. Hayaƙi yana ƙara tari, yana ƙara wa ido ciwo.

Addu'a kuwa ba ta hana magani. A yi addu'a, a ɗaura wa jaki amalanke.

ALAMUN HAƊARI

Ba ƙuraje ke kashe yaro ba. Abin da ke biyo bayansu ne: ciwon huhu, zawo, tamowa, da ciwon da ke taɓa ƙwaƙwalwa. In kuka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku koma gidan likita ko da tsakar dare ne:

1. Numfashi da sauri. Ku ƙidaya na minti ɗaya da agogo ko salula, yaro yana kwance shiru. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, haɗari ne. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, haɗari ne.
2. Ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko numfashin yana ƙara, ko murya ta dushe.
3. Ya kasa sha ko tsotsa, ko yana amai da duk abin da ya shiga ciki.
4. Zawo mai yawa ko mai jini, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke.
5. Jijjiga, ko barci mai nauyi wanda ba a iya tashe shi.
6. Ido ya yi fari-fari kamar hazo, ko ya ƙi buɗuwa, ko yaro ya daina gani da magariba, wato dundumi.
7. Kunne yana ciwo ko yana zubar da mugunya.
8. Gyambo mai zurfi a baki, ko baki yana wari.
9. Masassara ba ta sauka ba kwana 3 ko 4 bayan fitowar ƙuraje, ko ta sauka ta dawo.

Jariri, da yaro mai tamowa, da mace mai ciki, su kam tun farko a hannun likita ya kamata su kasance.

BAYAN ƘURAJE SUN BUSHE

In fata ta fara zuba, mutane su ce an sha da ƙyar, kowa ya koma harkarsa. A nan ne ake yin sake. Dussa tana karya garkuwar jiki. Cututtukan da jikin yaro ya riga ya san yadda zai kore su, sai ya manta. Wannan rauni yana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Don haka a ƙara masa abinci sau ɗaya bisa abin da ya saba kullum, aƙalla mako 2, har ya mayar da jikinsa. A kai shi awo. A sa shi cikin gidan sauro. Kuma a ci gaba da duba bakinsa kowace safiya.

Dalilin duba bakin shi ne wani mugun ciwo da likitoci ke ce wa noma. Ba noman gona ba, sunan ne ya zo ɗaya. Ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, kuma sau da yawa bayan dussa yake zuwa. Yana farawa da kumburin dasashi, da jini, da warin baki, da yawan miyau. Sai kumatu ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki wurin ya yi baƙi, nama ya ruɓe, fuska ta huje. In ba a yi magani ba, mafi yawan yaran ba su rayuwa. Amma in aka kama shi tun yana dasashi, magani da tsabta da abinci suna tsayar da shi. A shekarar 1992 wata ƙungiya ta ƙasar Suwis mai suna Sentinelles ta fara aikin kula da masu wannan ciwo a Damagaram. A watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Dasashi mai jini da wari ga yaron da ya tashi daga dussa ba abin jira ba ne.

LAMBA ITA CE GANUWA

Duk abin da muka faɗa a sama, kashe gobara ne. Rigakafi ya fi magani. An samo lambar dussa tun 1963. Kafin ta game duniya, dussa tana kashe mutum fiye da miliyan 2 kowace shekara.

Ana yi wa yaro ta farko in ya cika wata 9. Ana yi masa ta biyu cikin shekararsa ta biyu, kuma za a rubuta muku ranar a karne. Ta farko kaɗai tana tsare wajen yara 85 cikin 100. In aka ƙara ta biyu, kusan duka sun tsira. Kyauta ce. Wani yaro yana yin ɗan zafin jiki bayan mako ɗaya ko kwana 10, ya wuce da kansa. Mura ko tamowa ba su hana lamba. In lokacin ya wuce, ba a makara ba, a kai shi. In masu lamba suka zo gari gaba ɗaya, a fito da yara duka, har waɗanda aka taɓa yi wa.

Ƴan uwa makiyaya, ku kun fi kowa sanin wannan magana. Kakanninku sun ga annobar shanu da ake ce wa bushiya, wadda take share garke cikin ƴan kwanaki. Masana sun ce ƙwayarta da ta dussa dangin juna ne na kusa. Lamba ce ta gama da ita, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a shekarar 2011. Haka agana ta ƙare a 1980. Wanda ke kora garke tafiyar yini don a yi wa shanu allura, bai kamata ya bar ɗansa ba. Kafin ku tashi daga mashekari, ku duba karnen yara. Duk gidan likitan da kuka tarar a hanya zai karɓe ku, ba sai na garinku ba.

AIKIN MASU KARATU

Kai da ka iya karatu, wannan takarda ba taka ba ce kai kaɗai. Ka karanta ta a dandali bayan isha'i. Ke ma ki karanta wa mata a wurin daka ko a gidan suna. Ku kwafi alamun haɗari guda 9 a takarda ku liƙa a bango. Ku karɓi karnen yaran maƙwabta ku duba musu ko an rubuta lamba biyu. Wanda ba a rubuta wa ba, ku gaya wa ubansa ranar lamba.

A taƙaice: masassara da tari da majina da jan ido, a buɗe baki a duba. An ga ɗigo ko ba a gani ba, a tafi likita, a karɓi bitamin A sau biyu, a ware yaro, a ba shi ruwa da nono da abinci, a tsabtace baki da ido.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan sanƙarau, wanda shi ma baƙon rani ne. Mai tambaya ya rubuto ta hannun malamin yaƙi da jahilci na garinsu. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.